Na ajiye sigari amma kwaɗayinta na neman kayar da ni

Dan_Tasha:
Salamu alaikum jama'a. Kwanan nan na ajiye sigari bayan shekaru ina zuƙa, to wallahi abin ba sauƙi, kai na sarawa, barci rabi da rabi, abu kaɗan na hau faɗa har maiɗakina ta fara cewa wai gara lokacin da nake sha. Inda ya fi damuna bayan cin abinci ne da in na zauna gun mai shayi da daddare. Ga tari kuma ya ƙaru, haka abin yake ko wani ciwon ne daban?

Anti_Nas:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Haka yake, jiki ne ke neman nikotin ɗin da ya saba, wato sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kamu da ita. Kwana 2 zuwa 3 na farko su suka fi zafi, daga nan yana ta raguwa, yawanci cikin sati 2 zuwa 4 ciwon kan da saurin fushin sun lafa. Tarin kuma huhu ne ya fara fitar da dattin da ya tara, amma in ka ga jini ko ƙirji na ciwo ko ya wuce sati 3, je asibiti kar ka tsaya. Batun barci, rage shayi da Nescafe da goro daga la'asar, don hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin ƙone kafeyin, wato sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yanzu da ka bari kofi ɗaya ma sai ya hana ka runtsawa.

Baba_Tela:
Yaro ni ma na bi ta nan. Kwaɗayin nan in ya taso baya wuce 'yan mintuna, tashi ka sha ruwa ko ka yi alwala ka ɗan zaga, kafin ka dawo ya sauka. Ni asuwaki ne baya barin bakina sai kanumfari a aljihun gaba inda kwalin ke zama da. Majalisar mai shayin nan kuma ka ɗaga mata ƙafa tukun, wani zai miƙo ma kara ɗaya yace ba komai, daga karan nan sai kwali.

Yaro_Boy:
ka koma shisha mana oga tafi sauƙi

Anti_Nas:
Haba dai, ita ma taba ce da nikotin ɗinta, ga hayaƙin gawayi a kai. In abin ya gagara gara cingam ɗin nikotin ko filastar da ake mannawa a fata, amma ka tambayi likita ko ɗan famasi yadda ake amfani da su.

Dan_Tasha:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ashe goron da na koma ci har dare ne ke hana ni barci. Baba wane asuwakin ya fi, na darbejiya ko na Makka?