Sayar da gida a Bronx a dawo Kumasi: da me ake farawa?

Baban Zainab, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan yayanmu ce da ke Bronx, a birnin New York. Girin kad gare shi, wato katin zama na dindindin, bai karɓi fasfon Amurka ba, gidan nasa ne amma da sauran bashin banki a kai. Tun da aka tsananta harkar shige da fice a Amurka a 2025 hankalinsa ya ƙi kwanciya, yana so ya sayar ya dawo gida gaba ɗaya. Da me ake farawa, sayar da gidan, turo kuɗin, ko neman fili a nan?

Malam Akawu:
Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Ka faɗa wa Yaya kada ya mayar da girin kad ɗinsa sai gidan ya fita daga hannunsa. Muddin yana riƙe da girin kad, mazaunin Amurka ne a wajen masu haraji. Ranar da ya cike takardar I-407 ya miƙa katin, ya zama baƙo, dokar FIRPTA, ta harajin baƙon da ya sayar da gida, ta hau kansa: za a iya riƙe har kashi 15 na kuɗin cinikin baki ɗaya, ba na riba kawai ba. A gidan dala 600,000, zai iya kaiwa dala 90,000 ke nan, sai ya cike takardun haraji ya jira a mayar masa da abin da ya yi saura.

Akwai kuma rangwame ga gidan da mutum ke zaune a ciki. In ya mallake shi, ya kuma zauna a ciki shekara 2 cikin 5 na ƙarshe, ba a karɓar harajin tarayya a kan riba har dala 250,000, ko 500,000 ga mata da miji masu cike haraji tare. Wato in ya tashi yau, shekara 3 ta rage masa ya sayar. Masu cewa "bari in zuba 'yan haya tukuna" nan suke tuntuɓe, lokaci ya wuce ba su ankara ba.

Ya kuma zauna da biro ya fitar da abin da zai shiga aljihunsa. A wancan gidan na 600,000, in dillali ya ɗauki kashi 5, 30,000 ta tafi. Harajin sauya mallaka na birnin New York kashi 1.425 ne na duka kuɗin in gidan ya haura 500,000, wato 8,550, na jiha kashi 0.4, wato 2,400. Sai lauya, sai ragowar bashin banki. Kuma duk lambar asusun da ta zo ta imel ana dab da rufe ciniki, ya kira lauyansa a waya ya tabbatar. 'Yan damfara sun fi son wannan makon.

Hajiya Mai Atamfa, Asawase:
Malam ya gama da na can, bari in taɓa na nan. Don Allah kada a juye kuɗin gida duka zuwa sidi rana ɗaya. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba. Sai ga 2025, sidi ta farfaɗo daga sama da 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni, waɗanda suka ƙulla cinikin gini da sidi suna dogaro da dala suka ji a jikinsu. Wuƙar tana yanka ta kowane ɓangare. Ya buɗe asusun dala irin wanda ake cikawa daga waje, FCA, ya riƙa canja abin da aikin watan ke buƙata, ya bar kaso mai kauri a bankinsa na can. Mun ga bankunan da aka rufe daga 2017 zuwa 2019, mun ga yadda aka sauya wa masu takardun lamunin gwamnati sharuɗɗa a 2023.

Banki zai nemi Ghana Card, katin shaida na ƙasa, zai kuma tambayi asalin kuɗin, don haka takardar rufe ciniki ta zauna a jakarsa ta hannu. Tsabar kuɗi sama da dala 10,000 sai an bayyana, a fita can da shigowa nan. Kuma kada kuɗin ya bi ta asusun ɗan'uwa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ba zargi ba ne, Baban Zainab. In mai asusun ya rasu, kuɗin ya shiga rabon gadonsa, zumunci kuma ya shiga uku.

Alhaji Safiyo, Sawaba:
Fili shi ne na ƙarshe. Ya kama haya shekara ɗaya, damina ta same shi a nan. Filin da ke kyau a Janairu, je ka gan shi a Yuni bayan ruwan dare: in ka ga layin laka a jikin katangar maƙwabta, ko an ɗaga bakin ƙofa da bulo biyu, ka juya. Duk wanda ya san bakin rafin Aboabo ya san abin da nake nufi. Doka ta ce kuɗin haya na gaba kada ya wuce wata 6, amma masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema, ya shirya wa haka.

Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, ba a sayar da su har abada, hayar shekara 99 ce ga ɗan ƙasa, 50 ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Takardar da sarkin yanki ke bayarwa mafari ce kawai. Sai an bi da ita ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, sannan a yi rajista a hukumar filaye ta ƙasa, Lands Commission. Kafin ko sisi ya fita, ya ɗauki safiyo nasa, mai awon fili, ba na mai sayarwa ba, a auna a fitar da taswira, a kai ta bincike. Yawan rigimar da ake yi, fili ɗaya ne aka sayar wa mutum biyu, ko taswirar tana nuna wani wuri daban da inda aka tsayar da kai.

Kaya kuwa, wutar lantarkin can volt 120 ce, tamu 230. Firji da injin wanki ya sayar da su can. Motar da ta haura shekara 10 tana da tara a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan kuɗin kwastan.

Malam Akawu:
Abin da ya fi damuna na bari ƙarshe. Tsoro ne ke tura Yaya, kuma ina fahimta, amma mai girin kad da ya yi shekara a waje ba izini ana ɗauka ya saki zamansa. In yana so ƙofar ta zauna a buɗe, ya nemi izinin komawa da takardar I-131 tun yana can, yana kaiwa shekara 2. In kuma ya cika shekara 5 da katin kuma takardunsa ba tabo, ya ga lauyan shige da fice a kan karɓar fasfo kafin ya taso, tunda Gana ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu a dokar 2000. Fansho ma ya shafa: wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba ana iya tsayar masa da kuɗin fanshon gwamnati na Social Security bayan wata 6 a waje sai in ya cika wasu sharuɗɗa, kuma Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta can, ba ta biyan asibiti a nan. Shekara nawa ya yi da katin? In ya kai 8 cikin 15 na ƙarshe, akwai takardar 8854 da zai cike in ya miƙa shi, ya nuna wa akanta tun kafin a kafa allon sayarwa.

Baban Zainab, Aboabo:
Shekara 11 ne, Malam. Yau da dare zan kira shi a kan maganar fasfon da akantan. Allah ya saka muku da alheri.