Neman shawara: TNF na shanu ya iso, amma hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a nan Kumasi, ina bincike kan ciwon hantsar shanu. Jini nake karɓowa daga mayankar Kaase, in ware fararen ƙwayoyinsa, in zuba musu TNF-alfa, furotin ɗin nan mai tayar da kumburi, in ga yadda za su amsa. Na shanu na yi oda, wanda aka sarrafa a cikin ƙwayar bakteriyar E. coli, maikrogiram 10.

Sai da ya kwana huɗu a Ankara, babban birnin Ghana, kafin a fito da shi, ƙanƙarar duk ta narke. Da na ɗaga kwalbar a haske kuwa, wallahi ban ga komai a ciki ba. Kusan duk kuɗin tallafina nan suka tafi. Ya lalace ke nan? Wani ya ce in ari na ɗan Adam in yi da shi. Don Allah ku taimaka.

Wata yaya daga Madina:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. In busasshen gari aka aiko miki, kwana huɗu ba sanyi ba ya kashe shi. Maikrogiram 10 kuma ido ba ya gani, yana nan manne a jikin kwalba ko ƙarƙashin murfi. Kafin ki buɗe, ki sa ta a santirifuj, injin nan mai juya kwalba da sauri, na ɗan lokaci ya sauko ƙasa. Ki narkar da shi yadda takardarsa ta ce, a hankali, ban da girgizawa. Ki tsarma da BSA, wato furotin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari, don kada ya maƙale a jikin roba, sannan ki rarraba a ƙananan kwalabe. Daskarewa da narkewa a kai a kai shi ne ajalinsa.

Wani malami daga Aboabo:
Malama, ni endotoksin, gubar da ke jikin bakteriya irin E. coli, shi ne damuwata. Abin da ya fito daga E. coli yakan zo da ɓurɓushinsa, ƙwayoyin jini kuma ba sa wasa da shi: za su zubo sinadaran kumburi IL-1 da IL-6, ki ɗauka aikin TNF ne. Duba takardar, ya kamata endotoksin ya gaza EU 1 (EU shi ne ma'auninsa) a kowane maikrogiram. Ki ɗibi kaɗan ki tafasa minti 30. Zafi yana kashe furotin, endotoksin kuwa ko a jikinsa. In tafasasshen ma ya tayar da ƙwayoyin, kin san mai laifi. Na ɗan Adam kuma ki bar shi. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne, ranar kare aiki za a tsare ki da tambaya.

Wani ɗan'uwa daga Asawase:
Dumsor fa, ɗauke wutar nan! Ni samfuran wata shida na rasa a dare ɗaya. Ki kai rabi firizar da ke kan janareta, can ciki, ba jikin ƙofa ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na juya kwalbar, ga ɗan farin ɗigo a gindinta, har na yi hawaye. Malam, BSA ɗin da muke da shi tsoho ne, shi ma zai iya ɗauke da endotoksin ɗin?

Malamin Aboabo:
Ƙwarai kuwa. Zuba shi shi kaɗai a rijiya ɗaya ta farantin ƙwayoyin, ki gani kafin ki taɓa TNF ɗinki.