Mazubin kankare mai naɗewa: abin da magina suka fi nanatawa

A wata hira da magina suka yi kan zuba kwalbati, magudanar ƙazanta da rufi mai siffar bakan gizo, kusan kowa ya yarda cewa amfanin mazubi mai naɗewa, wato abin da ake kafawa ya riƙe ɗanyen kankare har ya yi tauri, shi ne fitarsa ba tare da an farfasa shi ba. A sassauta weji ko jak, saman ya sauko, gefuna su lanƙwaso ciki ta wurin hinji, a tura shi gaba zuwa sashe na biye.

Inda aka fi daɗewa shi ne wajen zubi. Ɗanyen kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita kubik, don haka in aka cika gefe guda aka bar ɗayan, mazubin zai goce, bakan ya karkace. A riƙa zubawa dama da hagu daidai wa daida. Wani ya ƙara da abin da ba kowa ke tunawa ba: mazubi mai rami a ciki yakan taso sama kamar ƙwarya a ruwa, musamman in injin girgiza kankare yana aiki. Dole a ɗaure shi ƙasa tamau. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace daraja.

Shafa wa mazubin mai kafin zubi kuwa, ba a yi musu ba, sai dai kar ya taɓa rodi.

An ɗan ja kan lokacin cirewa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, sanyi kuma yana jinkirta shi. Masu gaggawa suka ce bango ba ya buƙatar jira haka, amma aka tsaya kan cewa saman bakan sai injiniya ya amince, kuma a sauke mazubin a hankali, daga tsakiya zuwa gefuna.