Neman shawara: motar rimot da na saya wa yarona ya haɗa da hannunsa ta tsaya a rabi

Mai neman shawara: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Babban yarona yana da shekara tara, kuma tun yana ƙarami yake da ɗabi'ar kwance duk abin da ya faɗa hannunsa. Ya buɗe tocila, ya buɗe rediyon mahaifinsa, ya buɗe agogon bango, kuma babu ɗaya da ya koma yadda yake. A 'yan watannin nan hankalinsa ya koma kan wasannin wayar hannu, har ta kai idan aka karɓe wayar sai ya wuni bai yi wa kowa magana ba. Wannan ne ya sa na saya masa motar rimot, irin wadda take zuwa a warwatse cikin kwali tare da littafin bayani, domin ya haɗa ta da kansa, ya ga yadda inji yake aiki, ya kuma koyi haƙuri.

Da farko ya yi murna ƙwarai, har ya haɗa wani sashe na ƙafafun gaba. Da aka zo wurin giya abin ya yi masa wuya, sai mahaifinsa ya zauna da dare bayan yaron ya yi barci ya haɗa wannan sashen gaba ɗaya. Da muka sa batir sai tayoyin gaba suka karkata gefe guda suka kafe, wani abu yana ta ƙara a ciki, ga kuma kawunan wasu notuna sun cinye ba sa kwantuwa. Yanzu yaron ya ce motar ba tasa ba ce, ta babansa ce, kuma ya ƙi taɓa ta. Shin in nemi wanda zai ƙarasa ta, ko in ajiye sai ya ƙara girma, ko in tilasta masa ya ci gaba?

Uwar tagwaye: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ba ki faɗi wane kamfani ya yi motar ba, ba ki kuma faɗi shekarun da aka rubuta a jikin kwalin ba. Ni dai shawarata ki tattara komai ki ajiye. Irin wannan ya faru a gidana, inda aka kawo wa yarana mota, maigidan ya ce zai nuna musu farkon aikin kawai, amma har ya gama bai bar su sun riƙe sukudireba ba. Da na yi magana sai ya ce za su lalata. Har yau motar tana saman kabad, shi kaɗai yake sauko da ita, yaran kuma sai kallo.

Tsohon mai haɗa motoci: Hajiya, kada ki ajiye komai, domin motar nan lafiyarta ƙalau, kuma na san abin da ya faru ko ban gan ta ba. Akwai ƙaramar na'ura da ke juya sitiyari, kuma dole ne a tsayar da ita a tsakiya kafin a ɗaura mata hannun da ke jan tayoyi. Maigidanki ya ɗaura hannun alhali na'urar tana karkace, shi ya sa da wuta ta shiga ta nemi komawa tsakiya, ta ja tayoyin har ƙarshen iyakarsu, kuma ƙarar da kike ji ita ce take ta turawa babu inda za ta. A daina kunna ta a haka, don haƙoran cikinta suna iya cinyewa. A kwance hannun, a kunna rimot da farko, sannan a kunna motar, a mayar da maɓallin daidaita sitiyari tsakiya, a miƙe tayoyin, sai a mayar da hannun a ɗaure. Ka'ida ce a wannan sana'a cewa rimot ake fara kunnawa, shi kuma ake kashewa a ƙarshe.

Batun notuna kuwa, idan motar ta kamfanin Japan ce irin Tamiya, kawunansu suna bin ma'aunin Japan ne, wanda ake kira JIS. A ido yana kama da kan giciye na yau da kullum, amma sukudireban da aka saba da shi ba ya zama daram a ciki, yana zamewa yana cin kan notin. A nemi wanda ya dace, kuma tun da roba ake ɗaurewa, da zarar notin ya zauna a tsaya. Kamfanin Tamiya ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, a 1984 kuma ya fitar da wata motar mai suna Grasshopper, wadda mutane da yawa suka fara koyo a kanta saboda sauƙinta, kuma littattafan bayaninsu suna nuna daidaita na'urar sitiyari kafin a ɗaura ta. Wanda ya tsallake shafi shi ne yake shan wahala.

Mai neman shawara: Na gode, Malam. Ba Tamiya ba ce, sunan wani ne daban, kuma an yar da murfin kwalin. Na tuna an rubuta shekara 14 zuwa sama, amma ban ɗauki hakan da muhimmanci ba, domin yaron nan ba kamar sauran tsaransa ba ne wajen irin waɗannan abubuwa. Mahaifinsa ma ba ƙwace ya yi ba, tausayi ne ya sa, don ya ga yaron yana kuka a kan giyar.

Malamar firamare: Ban yarda a ci gaba ba. Shekarun da ake rubutawa a kwali ba su da alaƙa da kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai. Akwai ƙarfin yatsu, akwai tsawon lokacin da yaro zai iya zama a kan abu ɗaya, akwai wuƙar da ake yanke sassan roba da ita. Ɗan shekara tara ya fi dacewa da abin da zai haɗa, ya kwance, ya sake haɗawa ta wata siffa ba tare da wani abu ya lalace ba, kamar LEGO Technic ko Meccano, wanda Frank Hornby ya ƙirƙira a Ingila tun 1901. Motar Hajiya hanya ɗaya tak ake haɗa ta, yaron yana bin zane ne kawai. Abin da ke damuna shi ne iyaye sun ɗauka duk kwalin da aka rubuta wa kalmar ilimi zai yi aikin da zama da yaro yake yi. Sai su saya su miƙa, idan yaron ya kasa kuma su zo makaranta suna tambayar abin da muke koya masa.

Tsohon mai haɗa motoci: Malama, da girmamawa, bin zane ma ilimi ne, kuma babu injiniyan da ya kai ko'ina bai iya karanta zane ba. Abin da maigidan Hajiya ya haɗa da dare shi ne mafi daɗin darasi a motar gaba ɗaya. A cikin sashen giyar nan akwai giyar da ke ba tayoyi biyu damar juyawa da gudu daban-daban, domin a kwana tayar waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Ki ɗaga motar sama, ki ce wa yaron ya juya taya ɗaya da hannu, zai ga ɗayar tana juyawa baya. Idan ya tambayi dalili, sai a ce masa ya buɗe ya gani. Shawarata ita ce a kwance duk abin da uban ya haɗa, a goge giris ɗin, yaron ya sake haɗawa, uban yana gefe hannunsa a aljihu.

Baban 'yan mata: Ni ina ganin an fara daga inda bai kamata ba. A fara saya wa yaro haɗaɗɗiyar mota ya tuƙa, ya so ta, ta lalace, sannan ya nemi gyara da kansa. Na yi wannan da 'yata, sai dai na haɗu da wata matsalar, domin da haƙorin giya ɗaya ya karye na nemi kayan gyara na rasa, mai sayarwa ya daina amsa saƙo, motar kuma ta zama shara. Duk wanda zai saya ya fara bincika ko ana sayar da sassanta ɗaiɗai.

Ɗalibin kwamfuta: Tun da yaron yana son waya, me zai hana a bi da shi ta nan? Akwai ƙananan motoci da ake haɗawa da 'yan ƙananan kwamfutoci irin Arduino ko micro:bit, inda yaro zai rubuta umarnin da zai sa motar ta kauce wa bango ko ta bi layi. Sassansu ba su da yawa, kuma BBC ta raba micro:bit ga 'yan makaranta a Birtaniya a 2016 domin yara ne aka yi shi.

Mai neman shawara: Ƙanena, na gode, amma don in raba shi da allon waya na sayi motar, ba zan mayar da shi gaban kwamfuta ba. Malama kuma, ban miƙa masa kwali na tafi ba, ina zaune kusa da shi, sai dai ban san kan abin ba, ga ƙanwarsa mai rarrafe tana hana ni sakat. Kwance aikin mahaifinsa kuwa ba zai yiwu ba, zai ɗauka raini ne.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, yanzu kika faɗi abin da ya fi komai muhimmanci. Akwai mai rarrafe a ɗakin da ake baza ƙananan notuna da ƙwallayen ƙarfe? Irin waɗannan ne ake gargaɗi a nisanta da yaran da ba su kai shekara uku ba, domin suna shaƙewa. A yi aikin a kan tebur, a zuba sassan cikin mazubi mai murfi, a share ƙasa bayan an tashi. Sannan wane irin batir ne, kuma a ina ake yi masa caji?

Mai neman shawara: Wani ne mai laushi a naɗe da leda, an rubuta 7.4 a jikinsa. A ɗakin yaran ake sa shi caji da dare, domin nan ne soket ɗin ya fi kusa, kuma bai taɓa yin zafi ba.

Tsohon mai haɗa motoci: Hajiya, ki cire shi daga ɗakin nan yau ɗin nan. Wannan irin batirin da ake kira LiPo ne, mai gida biyu, kowanne bolt 3.7, kuma idan cajinsa ya wuce kima, ko ya huje, ko ya kumbura, yana iya kamawa da wuta. Ba a barinsa a caji babu mai kallo, ba a sa shi kan katifa ko kafet, ba a yi masa caji sai da cajar da aka yi dominsa, kuma ba a bari ya zuƙe ƙarƙaf. Ga yaro, batirin NiMH mai bolt 7.2 ya fi, domin ko da yake ya fi nauyi, ya fi jure sakaci. Da kin faɗi wannan tun farko da ban ɓata lokaci a kan notuna ba.

Baban 'yan mata: Malam, ba duka motoci ne ramin batirinsu yake ɗaukar NiMH ba, don ya fi girma. Kada a sa ta sayi abin da ba zai shiga ba.

Tsohon mai haɗa motoci: Idan mai ma'aunin ɗaya bisa goma ce, wato ɗaya bisa goman girman motar gaske, galibi zai shiga. Ta auna ramin ta faɗa mana.

Mai neman shawara: Batirin tare da motar ya zo, kuma ina ganin da yana da haɗari haka da ba a sa shi cikin kayan yara ba, amma zan canja masa wuri. Maigidan ya ce a ƙarshen mako zai ƙarasa ta da kansa, ya ba yaron ya tuƙa, ni kuma ba wannan ne ya sa na saye ta ba. Ban dai ba shi amsa ba tukuna.

Malamar firamare: Ai ba kayan yara ba ne, ke kika ce an rubuta 14. Kin tambayi yaron abin da yake so a yi da motar kuwa?

Uwar tagwaye: Malam mai haɗa motoci, tamu ta saman kabad ta daɗe ba a kunna ba, kuma batirinta ya ɗan tasa kamar ya kumbura. Ana iya yi masa caji a haka?