Waya tana caji amma kwamfuta ta ƙi ganinta: a kawo abin da aka sani

Mai_Sukudireba:
Jama'a, mu haɗa kai kan matsalar kwashe fayil daga waya zuwa kwamfuta. Zan fara da igiya, domin nan gizo ya fi saƙa. Igiyar USB ta asali silli huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Masu arha da yawa, musamman gajerun nan da ke zuwa da na'urar ajiye caji, na wutar kaɗai aka sa musu. Ko kwana ka yi kana danne-danne ba abin da zai fito. A canja igiya tukuna kafin a ɗora wa waya laifi. Sai bakin caji: ƙurar aljihu takan dunƙule a ciki har kan igiya ya ƙi shiga ƙarshe. A kashe wayar, a sa tsinken sakace a hankali.

Malamar_Kwamfuta:
Haka ne, Malam. In igiyar lafiyarta ƙalau, Android da caji kawai take farawa. Buɗe makullin wayar, ja sanarwa daga sama, taɓa ta USB, ka zaɓi "File transfer". Hotunan kyamara suna cikin folda mai suna DCIM, na WhatsApp kuwa a sababbin wayoyi sun koma Android/media/com.whatsapp, shi ya sa ake cewa sun ɓata. Kuma don Allah a kwafa (Copy), kada a yanke (Cut). In aikin ya katse a tsakiya, za ka rasa gane wanne ya wuce, wanne ya lalace. Ka buɗe 'yan hotuna a kwamfutar, ka gwada yawan fayilolin ɓangarorin biyu, sannan ka goge na wayar.

Ɗan_Filasha:
Ƙarin bayani, Malama: hotuna dubu biyar a tafi ɗaya kan sa aikin kwafar ya cije, gara a riƙa ɗiba ɗari biyar-biyar. Kan igiya mai USB-C ma ba ya nufin sauri, wayoyi da yawa har yanzu USB 2.0 ne a ciki, kusan megabait 30 a daƙiƙa in an yi sa'a. Wanda ke da katin memori ya zare shi ya sa a rida, wato na'urar karanta kati. Amma katin da aka tsara da FAT32, wani tsohon tsarin ajiye fayil, ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, ko da fili ya yi yawa; sai sabon tsarin exFAT, kuma sake tsarin yana share komai.

Uwar_Hotuna:
Masu iPhone, sai kun amsa tambayar amincewa da kwamfutar, kun sa lambar sirri. In Windows na yanke aiki a kan bidiyo, ku shiga saitin Photos, can ƙasa, ku zaɓi "Keep Originals". Wayar ce ke ƙoƙarin sauya tsarin kowane fayil ana cikin tafiya. Hotunan za su zo a HEIC, tsarin hoton da iPhone ke amfani da shi, sai an sa wa Windows manhajar buɗe shi. Idan kuma iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, na rage nauyin hotuna, na asalin ba sa cikin wayar, sai an sauke su.

Mai_Sukudireba:
Na gode, Hajiya. In babu igiya kusa, manhajar Quick Share na aiki tsakanin Android da Windows. Bluetooth a bar shi ga fayil ɗaya ko biyu. Mai tura wa kansa ta WhatsApp ya tura a matsayin takarda (Document), har 2GB, in ba haka ba za a matse hoton.