In an gano halittu a wata duniyar: shawarwarin majalisar Anguwan Rogo

A majalisarmu ta Anguwan Rogo, Jos, an tattauna yadda imanin mutane zai kasance in aka tabbatar akwai rayuwa a wajen duniyarmu. Wani malamin kimiyya ya ce tun 2022 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari, amma har yau ba a ga ko ƙwayar halitta mai rai a cikinsu ba.

Shawara mafi nauyi daga liman ta fito: kada malamai su yi gaggawar ƙaryatawa ko yanke fatawa. Ya karanto aya ta 29 cikin Suratus Shura, wadda ta ambaci halittun da Allah ya watsa a sammai da ƙasa. "'Ya'yana, wanda ya yarda da mala'iku da aljannu, me zai girgiza shi?" in ji shi.

Maƙwabcinmu Kirista ya ce tambayarsu ita ce ko ceton Almasihu zai shafi waɗancan halittu, ya roƙi fastoci su fara nazari tun yanzu.

Ni kam bidiyoyin bogi na WhatsApp ne ke damuna. An amince kowa ya tantance kafin ya tura, domin a Jos jita-jita ba ta daɗewa take zama fitina.