Hawan dutse na yini ɗaya a gefen babban birni: me kuka tarar?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki ya kawo ni wani birni mai dutse a bayansa, kuma ina son in hau ranar hutu, in fita da safe in dawo kafin magariba. Waɗanda suka saba, don Allah ku gaya mini abin da idonku ya gani.

Wani ma'aikaci a Cape Town: Wa alaikumus salam. Malam, kusancin dutse da gari shi ke ruɗin mutane. Tun da suna hango benaye da motoci a ƙasa, sai su ɗauka har yanzu a cikin gari suke. Dutsen Tebur da ke nan tsayinsa mita 1,086 ne. Hanyar Platteklip da aka fi bi matakalar duwatsu ce tun daga ƙasa har sama, inuwa kaɗan ce, gumi kuwa sai ka matse riga. Wata rana ina isa sama iska ta taso daga kudu maso gabas, girgije ya lulluɓe mu, wanda ke gabana ma da ƙyar nake ganin jakarsa. Na tarar da wasu samari da 'yar shara, sun cusa hannu a hammata, haƙora na kaɗawa. Da motar igiya, wato wadda ke rataye a waya tana kai mutane sama da ƙasa, suka yi niyyar sauka, ita kuwa ana tsayar da ita in iska ta yi ƙarfi, dole suka sauka da ƙafa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska a kai. Ko rana na ƙuna a ƙasa, saka rigar sanyi a jaka.

Wata ɗaliba a Seoul: Gaskiya ne, Yaya. Mu a nan jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ke kai mu gindin dutsen Bukhansan. Ƙololuwarsa, Baegundae, mita 836 ce, kuma ƙarshen hanyar falalen dutse ne, sai ka riƙe igiyar ƙarfe da hannu biyu kana jan jiki. Ranar Asabar har layi ake yi. Ni saukowa ce ta fi ba ni wuya. Gwiwa na rawa, yatsu na dukan bakin takalmi, hankali kuma ya riga ya tafi gida, a nan ne na ga mutane sun fi zamewa. A sa takalmi mai kama ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, sabo fil yakan tada bororo. A yanke farce kafin a fito.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta: 'Yata, kin yi magana. Ga lissafin da nake bi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wani mahayin duwatsu ɗan Scotland, William Naismith, ya fitar da shi a 1892. Amma na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa, ni nakan ƙara lokacin hutu da na salla. Kafin in tashi nakan yanke lokacin juyowa. In ya yi, ko ƙololuwa tana gaban hancina, juyowa nake yi. Kuma a gaya wa wani a gida hanyar da za a bi.

Wata uwa a Nairobi: Baba, ni da yara nake fita, don haka ba na cewa kowa ya fara da ƙololuwa. Dajin Karura a cikin birni yake, hanya shimfiɗaɗɗiya, ga inuwa, ga 'yar magangarar ruwa. Nan ne marigayiya Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, ta sha duka wajen hana a yanka shi filaye. Sai da ƙafafunmu suka saba muka je tuddan Ngong. Can tsayin ya kai mita 2,460, numfashi na yin gajere, iska kuma ba ta hutawa, shi ya sa aka kafa injinan lantarki masu fanka a wurin. Ka gama tudu ɗaya wani ya ɓullo. Ruwa ya ƙare wa wasu da muka haɗu da su, don iskar tana busar da gumi, mutum bai san yana asarar ruwa ba. A Ngong a tafi cikin ayari.

Wani ɗalibi a Islamabad: Ƙari kan na Hajiya: a tuddan Margalla birai ne. Da sun ji ƙarar leda sun iso, kuma masu ba su abinci ne suka ɓata su. A rufe komai cikin jaka.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. To waya fa, ta isa ta nuna hanya?

Ma'aikacin Cape Town: Kada ka dogara da ita kaɗai. A cikin kwazazzabo sabis na ɗaukewa ko da gari na ƙarƙashinka, kuma neman sabis na cinye batir. Sauke taswirar tun a gida, ka ajiye lambar masu ceto ta yankin, ka ɗauki ƙaramar tocila dabam.